Makonnin Inna a Ɗakin Ƙarshe

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba jar kazar Inna ta faɗo daga kan turmi. Na san lokacin ne domin ina zaune a ƙofar ɗaki ina bita, agogona a kan littafi. Ta yunƙura za ta tashi, wuyanta ya murɗe baya, ta soma zagaye a ƙasa.

Inna ta leƙo daga wurin girki. Baba kuwa shigowarsa ke nan daga sallar la'asar.

"Malam, zo da wuƙa maza, kada ta yi mushe."

Haka ake yi a wurinmu, kuma haka na tashi na gani. Kaza in ta kama hanyar mutuwa ba a tsayawa kallonta, yanka ta ake yi da sauran ranta domin ta halatta. Baba ya yanka, Inna ta ce in ajiye littafi in ɗora ruwan zafi.

A lokacin ina shekara ta biyu a makarantar gaba da sakandare a Kaura Namoda, na zo hutu gida Zurmi. Baba magatakarda ne a kotun shari'a. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, Malama take ce mini, rabi kunya rabi tsokana. Kajin nan su ne dukiyarta. Duk littafin da na saya tun daga sakandare, in aka bi asalinsa ƙwai ne ko zakara.

A shekarar ne aka fara maganar murar tsuntsaye a ƙasar nan. Rediyon Baba safe da yamma ba shi da wani zance. Ana cewa ta shiga manyan gonakin kaji, ana cewa in ta koyi bin mutane za ta share duniya. A ɗakin karatun makaranta na ga hotuna a jarida, mutane cikin fararen kaya suna zuba kaji a rami.

Na ce a hankali, "Inna, ko dai a binne ta?"

"A binne nama?" Ta dube ni ta yi dariya. "Malama, ciwon ga kowace shekara shina zuwa in sanyi za shi hita. Tun kina goye nike hige irinsu. Miƙo mini tasa."

Gaskiyarta, kowace shekara yana zuwa. Kafin Asabar an yanka fiye da rabin kajin. Inna ce ke figewa, tun da sanyin safiya hannunta a ruwa, zanenta a jiƙe. Naman ya fi ƙarfinmu, ta rarraba wa maƙwabta, gidan dama da na hagu da gidan liman. Kowa ya ci, ni ma na ci. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: a cikin duk waɗanda suka ci naman, ko atishawa ba wanda ya yi.

Ranar Lahadi Inna ta kwanta da zazzaɓi.

Makon farko mun yi abin da kowa ke yi. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya ba da ƙwayoyi. Zazzaɓin ya sauka da safe, ya dawo da yamma da rawar ɗari. Sai tari, busasshe da farko, daga baya ya soma fitar da majina mai launin tsatsa. In ta ja numfashi sai ta dafe haƙarƙarin dama ta rufe ido. Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa. An yi mata surace da ganyen darbejiya, an dafa citta da kanumfari da lemon tsami, an shafa man shanu a ƙirji, liman ya aiko da rubutu. Ta sha duka don kada ran kowa ya ɓaci.

A mako na biyu Gwaggo Luba ta zo daga Shinkafi. Ƙanwar Baba ce, sana'arta sayar da zabbi da ƙwai, kuma tun da aka fara maganar nan a rediyo kasuwarta ta mutu. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta juya wurin Baba.

"Yaya, asibiti za a kai ta, yau. Mi kuke jira?"

Tun da aka kafa shari'a 'yan kabu-kabu ba sa ɗaukar mata, ko da suna ɗauka ma Inna ba ta iya zama a kan babur. Muka jira mota. Muna jiran ne Gwaggo ta ja ni gefe.

"Ke mai boko, saurara. Tari na da zazzaɓi. Kada in ji kaza ta hito bakinki."

Ni dama ba mai yawan amsawa ba ce, shi ya sa ta ɗauka na yarda.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba zan faɗi garin ba. Mun yanki kati da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Layin mata ya kai bakin ƙofa, Inna kwance a benci kanta a cinyata. A bangon da ke gabana an manna wata sabuwar takarda mai hoton zakara, an rubuta da Hausa cewa duk wanda ya taɓa tsuntsu mara lafiya sannan ya kamu da zazzaɓi ya sanar da ma'aikacin lafiya. Babu wani abin karantawa a wurin. Na karanta ta har na haddace.

Likitan asibitin guda ne, kuma ba ya nan ranar. Mai duba mutane wani babban ma'aikacin lafiya ne mai furfura a gemu. Kowa Likita yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Mutum ne mai haƙuri. Ya ɗora abin sauraro a bayan Inna, ya ce ta ja numfashi, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da yatsa.

"Limoniya ce," ya ce. "Ta kama gefen dama. Za mu kwantar da ita a yi mata allura ta jijiya. Insha Allahu cikin mako za ta tashi."

Ya soma rubuta allurar. Yana rubutun ya tambaya, bai ko ɗago ba, ko akwai wani abu da ya faru a gida kafin ta kwanta.

Na ce, "Kajinmu sun yi ciwo. Ita ce ta fige su."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi. Likita ya ajiye biro. Ya ja kujerarsa baya, ya tashi ya buɗe taga, ya fita. Takardar da ya fara rubutawa ba a ƙarasa ta ba, ba a kuma ba mu ita ba.

Mutane da yawa sun so in ce na yi nadamar maganar nan. Ban yi ba. An tambaye ni, kuma takardar bangonsu ce ta ce in faɗa. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne abin da za su yi wa mutum bayan ya faɗa.

Akwai wani ɗaki a can bayan sashen mata, inda ake tara karyayyun gadaje. Aka fitar da gadajen aka bar ɗaya, aka kai Inna. Aka ce wanda ya shiga da ita ba zai sake shiga cikin mutane ba sai an zo daga sama an yi gwaji. Na shiga. Ɗakin yana da taga ɗaya mai waya, a yage daga ƙasa. Ta wannan yagewar muka rayu mako uku: ta nan abinci ke shigowa, ta nan magani, ta nan gaisuwa.

Maganin kuwa ƙwayoyi ne, na zazzaɓi da wasu kafso. Ma'aikaciyar jinya za ta ajiye a bakin taga ta ja da baya, sannan ta kira ni. Inna ta haɗiya, ba a jima ba ta amayar. Washegari na tattara ƙarfin halina na yi magana.

"Sista, ba ya zama a cikinta. Likita ya ce allura za a yi mata."

"Allura sai an shiga. Ba mu da kayan shiga."

"Yaushe za a kawo?"

"Sai mutanen sama sun zo."

"To ki nuna mini, ni in yi mata."

Ta dube ni da tausayi ta ce jijiya ba abin wasa ba ce. Tana da jariri a gida, na sha jin tana maganarsa. Ba na jin haushin tsoronta. Ina jin haushin waɗanda suka aiko da tsoron har bangon asibitin ƙauye, da hoto mai launi, ba su aiko da ko safar hannu ta kirki ba.

Kwana biyu da kwantar da Inna, Baba ya zo taga fuskarsa a canje. Wasu jami'ai sun je gidanmu a mota. Sun kashe sauran kajin, sun kashe tantabarun Baba, sun shiga gidan dama da na hagu sun kashe nasu, sun ƙone a bayan gari, sun yi feshi har cikin rumbu.

"Sun zo da kayan shiga?" na tambaye shi.

"Tun daga kai har ƙahwa."

Wato kayan suna nan. Kajin Inna sun ga jami'ai cikin kwana biyu. Inna da kanta sai da ta jira mako guda.

Maƙwabciyarmu ta gidan dama, wadda ta karɓi kaji biyu daga hannun Inna tana sa albarka, ta aiko a gaya mini in ji daɗi, karatuna ya cinye mata agwagi. Mai ruwa ya daina shiga gidanmu. A kotu aka ce wa Baba ya huta a gida tukuna. Duk wannan ta taga na ji shi, kuma duk ban gaya wa Inna ba.

Ranar Litinin ta mako na uku mutanen sama suka iso. Su uku ne, fari fat, ba a ganin komai sai idanu a bayan gilashi. Da suka turo ƙofa Inna ta kama hannuna.

"Malama," ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "waɗanga da likkahwaninsu sunka taho tun daga gida?"

Na yi dariya, ita ma ta so yi, tari ya hana ta. Suka zura auduga a maƙogwaronta, suka ɗebi jini, ɗaya ya yi ta ɗaukar hoto. Sannan tambayoyi. Kaji nawa ne, wane iri, ina aka sayo su, zankonsu ya canja launi, kashinsu fari ne ko kore. Na amsa duka dalla-dalla. Ba wanda ya tambayi inda ke yi wa Inna ciwo. Ba wanda ya ɗora abin sauraro a bayanta.

Da na ga suna haɗa kaya na yi wa babbansu magana da Turanci. Na ce tunda ga su a ciki da kayansu, su taimaka su yi mata allurar da aka ce za a yi. Ya ce su ba su zo da magani ba, gwaji suka zo yi. Na ce yaushe za mu ji sakamako. Ya ce za a sanar da mu. A bakin ƙofa suka tuɓe kayan, suka cusa a baƙar leda, suka tafi da ita.

Daga nan sai jira. Duk wanda na tambaya, amsa ɗaya: sai sakamako ya fito.

Ga yadda jinyar take, ga wanda bai taɓa yi ba. Inna ba ta iya kwanciya sai a zaune, na tara mata zannuwa a baya. Kunu cokali uku, hutu, cokali biyu. Ina goge mata jiki da ruwan ɗumi in zazzaɓi ya hau, ina juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ina fitar da fo ta ƙofar baya inda aka haƙa mana rami. Majinar ta bar launin tsatsa ta koma kore, ta soma wari. Ƙafafunta suka kumbura. Farcenta ya yi duhu. Ta daina tsokanata, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Dangi suna zuwa su tsaya nesa da taga su ɗaga murya. Wani ya kawo zuma da habbatussauda, Allah ya saka masa. Wani kawunmu ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wani ya ce babu wata murar tsuntsaye, dabara ce ta masu son a daina kiwo a riƙa sayen kajin ƙanƙara. Wani ya ce a'a, annobar ƙarshen zamani ce. Suka tsaya a nan suna gardama a kan kaina, ni kuwa ina riƙe da tasar amai. Baba yana zaune a gindin bishiya da rediyonsa, ina jiyo ana hira da masana a kan shirin da manyan ƙasashe ke yi, da magungunan da suke tarawa, da yawan mutanen da za su mutu in abin ya ɓarke. Mutanen da za su mutu. Ga wadda ke mutuwa a gabana, da ciwon da aka gane tun ranar farko, da maganinsa a kantin asibitin nan, tsakaninta da shi bango biyu.

Likitan asibitin na ainihi ya zo taga sau ɗaya. Ya leƙa, ya ce a ƙara mata wasu ƙwayoyin, ya ce in yi haƙuri, umarni ne kada a taɓa sai an ji daga sama. Ya juya, na bar shi ya tafi. Har yau ina tuna maganganun da ban yi masa ba.

A ƙarshen mako na huɗu Gwaggo Luba ta kawo abinci. Tun ranar da ta mintsine ni ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye kwano a taga ta juya. Ranar ta leƙa ta ga Inna, ta daɗe tana kallo. Sai na ji takunta ta zagayo. Ta tura ƙofar ta shigo kai tsaye, ba mayafi a hanci ba komai.

"Kama mini ita," ta ce.

Ta durƙusa, na ɗora mata Inna a baya, ta ɗaure da mayafinta kamar jaririya. Ma'aikaciyar jinya ta taho da sauri ta tsaya daga nesa.

"Hajiya, ba a hita da ita. Ciwon ga kisa shikai."

"To ga ɗiyar ga," in ji Gwaggo, ta nuna ni da haɓa. "Mako ukku tana shaƙar numhwashinta, tana wanke mata majina da hannu. Mi ya hana shi kashe ta? Ko shi ma boko shike tsoro?"

"Sai an sa hannu."

"Yayana na nan, aikinshi ke nan sa hannu. Ba shi takarda."

Baba ya sa hannu. Ya riga ya fitar da gero daga rumbu ya sayar, aka yi shatar mota. Ba a gaya wa direban daga wane ɗaki muka fito ba. A hanya Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Wannan karon in kin buɗe baki, a hanya za ni aje ki."

Asibiti na biyu a wani gari yake, shi ma ba zan ambace shi ba, ko da yake alheri kawai na gani a can. Gwaggo ta ce tari ne da zazzaɓi, an yi na gida bai yi ba. Kafin la'asar an sa wa Inna ƙarin ruwa, an yi mata allurar farko. Na zauna ina kallon yadda abin yake da sauƙi. Auduga, jijiya, tura ruwa, a cire. Bai kai tsawon alwala ba.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan saurayi ne, siriri, mai saurin magana. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mana. Gefe ɗaya baƙi, gefe ɗaya fari tas.

"Wannan farin duk mugunya ce. Huhun ya matse, ba ya aiki. Ina kuka ajiye ta duk wannan lokaci?"

A ranar ya huda gefenta ya sa roba. Abin da ya fito ya cika kwalba, aka canja wata.

Na kasa riƙe abin. Ma'aikatan nan suna taɓa Inna da hannuwansu, suna sunkuyawa a kan fuskarta, kuma har lokacin ban san abin da ke jikinta ba. Washegari na tare shi a baranda, Gwaggo ta tafi sayen magani. Na gaya masa komai, tun daga jar kaza har mutanen sama. Ina magana ina jiran ya ja da baya.

Ya saurara har na gama. Ya shiga ofis ya fito da abin rufe hanci ya ɗaura, ya ce a mayar da gadonta kusa da taga a sa labule, ya ce wa ma'aikata su riƙa wanke hannu da sabulu duk shiga duk fita.

"Kin kyauta da kika faɗa," ya ce. "Ban san ko ita ce ba, alamun ba su yi mini kama ba. Amma ko ita ce, huhu mai mugunya ba a ce masa ya jira."

Ya wuce ya je ya duba robar. Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri, shi da ma'aikatansa, duk inda suke. Abin da ya ƙara bayan jin maganata tsumma ne a hanci da labule da sabulu. Bai rage komai ba.

A mako na biyar Inna ta farfaɗo. Zazzaɓin ya sauka, ta ci tuwo mai laushi da miyar kuka, ta ce gishiri bai ji ba. Kuɗin allura da na hoto da na gado suka cinye geron, Gwaggo ta sayar da sauran zabbinta a wulaƙance ba ta gaya wa kowa ba. Wata rana da hantsi Inna ta dubi Gwaggo.

"Luba, wa ka ba kajina ruwa?"

"Yaya mana."

"Malam?" Ta yi murmushi. "To sun shiga ukku."

Na fita baranda na tsaya har sai da fuskata ta daidaita.

A mako na shida fitsarinta ya ɗauke, jikinta ya kumbura, ta soma rikicewa. Likitan ya kira Baba da ni. Ya ce ciwon ya daɗe da shiga jini, ƙodar ta gaji. Ya ce sun yi abin da za su iya, za kuma su ci gaba. Ranar Juma'a da hantsi Inna ta cika, Gwaggo tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Na yi imani da ƙaddara, ba sai an tuna mini ba. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tuna mini, har da maƙwabciyar gidan dama. Amma imani da ƙaddara bai hana a faɗi abin da mutane suka yi da hannunsu ba.

Ana yawan tambayata ko murar tsuntsaye gaskiya ce ko zuzutawa. Ban ce ƙarya ce ba. Gonaki sun ƙare, kuma daga baya na ji an tabbatar ta kashe mutum a can Kudu. Mai yiwuwa wata rana abin da masanan ke tsoro ya faru, ban sani ba, ba fannina ba ne. Abin da na sani shi ne, an yi ta buga gangar ciwon da zai zo har aka daina jin tarin wanda ya riga ya zo. Ga wanda irin wannan ya same shi, ba na ce ku ɓoye gaskiya ba. Ku faɗa. Amma kada ku yarda a ce muku magani sai gwaji ya fito. Ku tambaya da babbar murya wane ciwo aka gani a yau, mene ne maganinsa, wa zai ba da shi. In an ce babu mai shiga, ku ɗauki mara lafiyarku ku tafi tun tana iya zama a mota. Kada ku yi kunya irin tawa.

Sakamakon nan dai ba wanda ya kawo mana shi. Bayan sadakar arba'in na koma makaranta, na kasa karatu. Wata Talata na bar darasi na shiga mota na koma asibitin farko. Na bi layi kamar mara lafiya, domin ban san wata hanyar ganinsa ba. Takardar zakara tana nan a bango, gefenta ya fara ɓallewa. Da aka kira ni na shiga na zauna. Likita mai furfura ya gane ni nan take.

"Yaya mai jiki?"

"Ta rasu."

Ya yi salati, ya yi mata addu'a. Na jira ya gama.

"Ranka shi daɗe, sakamakon na zo tambaya. Ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"Yaushe kuka sani?"

Ya ce ranar da mutanen sama za su tafi sun gaya musu cewa in ita ce, za a gan su da motoci kafin Juma'a. In ba a gan su ba, to babu komai. Juma'a ta zo ta wuce ba su dawo ba.

Na lissafa a raina. Bayan wannan Juma'ar Inna ta ƙara fiye da mako guda a ɗakin. A lokacin tana shan kunu. A lokacin ƙafafunta ba su kumbura ba.

"To me ya hana ku buɗe ƙofar? Me ya hana a yi mata allurar?"

Ban ɗaga murya ba, amma ban sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwata a gaban babba. Ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"'Yata," ya ce, "an tara mu an gaya mana duk abin da za mu yi in ita ce. Ba wanda ya gaya mana abin da za mu yi in ba ita ba ce."